Layi Huɗu na Bakin Burtali

Maigidana ya rasu da bazara, saura kwana kaɗan ruwan shuka ya sauka. Har yau in na faɗi haka sai matar ɗana da ke rubuta mini wannan magana ta ajiye alƙalami ta jira in gama kukana. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Abin da na sani na Littafi Mai Tsarki daga bakin maigidana na ji shi, shekara arba'in da ɗoriya.

Gonarmu tana gabas da gari, a ƙasar Gangara, gefenta ɗaya ya jingina da burtali, hanyar da Fulani ke bi da shanunsu. Tun ina amarya na tarar da shi da wata al'ada. In kaka ta yi aka shiga yankan hatsi, sai ya taka daga bakin burtali ya ƙirga layi huɗu, ya ce kada wuƙa ta taɓa su. Haka za a yanke gona duka, a ɗaure damma, a kwashe a amalanke, layukan nan suna tsaye da zangarniyarsu. In aka manta da dami a cikin kara ma, ba ya yarda a koma ɗaukowa. Cewa yake tunda an manta, ya fita daga hannunmu.

Yana saurayi ya yi doguwar jinyar ƙafa a wani asibitin mishan. Can ya koyi karatun boko, can kuma ya karɓi bin Almasihu, ni ma na bi shi bayan aurenmu. Gida huɗu ne mu masu bi a garin nan. Sauran duka Musulmi ne, har da ƴan'uwana da muka sha nono ɗaya, kuma biki da mutuwa tare muke yi. Wannan al'ada ta barin gefen gona a Littafi ya same ta, cikin dokokin da Allah ya ba Bani Isra'ila bayan ya fitar da su daga bauta. An ce musu kada su girbe gona har ƙarshenta, su bar wa baƙo da maraya da gwauruwa, wato macen da mijinta ya mutu.

Shekarar farko na yi masa faɗa. Na ce, "Maigida, in sadaka kake so, mu kawo hatsin gida, mu auna, mu ba wanda muka ga ya dace. Wannan barin a daji ai tsuntsu ne zai fara ci."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai so kike a zo ƙofar gidanki a durƙusa a ce an gode, uwar gida."

Na ce, "To laifi ne?"

Ya ce, "Allah bai ce ka ba su ba, cewa ya yi ka bar musu. Wanda ka ba, sai ya dubi fuskarka. Wanda ka bar wa, shi da gona ne kawai."

A lokacin ban gane ba, na ɗauka iya magana ce irin ta masu karatu. Amma dokokin nan yana son su, ya fi son su da labaran yaƙe-yaƙe da sarakuna. In mun dawo daga gona da la'asar yakan zauna a gindin bishiyar bedi da ke tsakar gida, ina surfe yana karanta mini. An ce kada a sa wa bijimi takunkumi yana aikin sussuka, a bar shi ya ci. An ce in ka ga jakin maƙiyinka ya faɗi da kaya, kada ka wuce, ka tsaya ku ɗaga shi tare. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kurma. An ce kada ka zagi kurma. Da ya karanta sai ya rufe Littafin ya ce, "Kurma dai bai ji ba. To wa ya ji?" Na ce, "Allah." Ya ce, "Kin ga halinsa ke nan. Sarkin duniya ba ruwansa da abin da ba a kawo masa ƙara ba. Shi kuwa wannan yana tsaye a gefen wanda bai ma san an cuce shi ba." Yakan ce kuma an tuna wa Bani Isra'ila cewa su ma baƙi ne a dā, kamar yadda kakanninmu suka hauro daga ƙasar Katsina suka sari wannan daji ba su da ko rumbu.

Masu zuwa gefen nan ba su da yawa, kuma ba ma tsayawa kallo. Amma akwai wata Bafulatana, sa'ata ce, rugarsu na sauka arewa da gonarmu kowace kaka. Mijinta ya daɗe da mutuwa, shanun da ke hannunta ba su kai a kira su garke ba. Kwana biyu ko uku bayan mun kwashe damma za ta zo da ƙwarya da ƴar wuƙa, ta bi layi tana yanka a tsanake kamar a gonar ubanta. In mun haɗu a kasuwar Gangara mukan gaisa, ta tsokane ni da Kaɗo, in tsokane ta da mai bin wutsiyar saniya. Ba ta taɓa yi mini maganar hatsin ba, ni ma ban taɓa yi mata ba.

Daminar shekarar da ya rasu ba ta yi kyau ba. Ruwa ya fara da ƙarfi, aka yi shuka, aka yi noman farko. Da hatsi ya fara fidda kai sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin. Abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi shi tana sassaƙa. Ina zuwa gona kullum da hantsi, in kama zangarniya in murza, in ga rabinta babu ƙwaya. A gidan mu biyar ne: ni, matar ɗana, da ƴaƴanta uku. Ɗana, shi kaɗai ne namiji da Allah ya bar mini, ya tafi neman aiki Aljeriya, shekara biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba. Mahaifinsa ya mutu bai sani ba. In na dubi gonar, in dubi bakin yaran nan, sai in fara lissafi. Na san abin da za mu samu ba zai kai mu wata kakar ba. Abin da ban sani ba shi ne a wane wata zai ƙare.

Abin mamaki, layi huɗun bakin burtali su suka fi ko'ina kyau a gonar, saboda kashin shanun da ruwa ke gangarowa da shi.

Ana gobe yanka, da hantsi, na sa matar ɗana ta ɗauko Littafin marigayi daga cikin akwati. Ita ta yi lakol, gidansu kuma masu bi ne a wajen Gazawa. Na ce ta nemo mini wurin gefen gona. Ta nemo ta karanta.

Na ce, "An faɗi layi nawa?"

Ta ce, "Ba a faɗa ba, Inna."

"An ce in shekarar fari ce a yanke duka?"

Ta sake dubawa, ta juya takarda gaba da baya. "Ba a ce ba."

"Sake faɗa mini, wa da wa aka bar wa?"

"Baƙo, da maraya, da gwauruwa."

Na ce, "To ni mece ce yanzu?"

Ta ce, "Gwauruwa ce ke, Inna. Amma gwauruwa mai gona."

Na ce, "Ƴaƴanki fa? Me ya raba su da marayu?"

Nan take idonta ya cika. Ta ce, "Ubansu yana da rai, Inna. Don Allah kada ki yi masa baki." Ta rufe Littafin ta shige ɗaki. Na ji kunyar abin da na faɗa, amma lissafin da ke cikin kaina bai tsaya ba. In Allah ya ajiye gefen gona don gwauruwa, ga gwauruwa ta samu a cikin gida. Ban ga dalilin da zan tsallake tawa yunwar in ciyar da ta wani ba.

Washegari ƙanena ya zo da ƴaƴansa biyu, magidanta, suka yi mana yankan. Shi Musulmi ne, mutum mai tsoron Allah, kuma tun rasuwar maigidana bai bar ni na ɗauki hauya ni kaɗai ba. Da rana ta take suka iso bakin burtali, sai ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Yaya, bana ma za a bar wa tsuntsaye rabonsu?"

Na sunkuya ina tattara zangarniya.

Ya ce, "Ni fa ba raina addininku nake ba. Mu ma muna fidda zakka, dami ɗaya cikin goma. Amma sai abu ya kai ake fiddawa. Wanda nasa bai kai ba, Allah bai ɗora masa ba. Naku littafin bai san shekarar fari ba ne?"

Na ce, "Bai faɗa ba."

Ya ce, "To in bai faɗa ba, ai ya bar miki hankalinki. Ga jikoki uku. Mai rai ake ji wa tsoro, Yaya, wanda ya tafi ya huta."

Na dubi layukan nan. Iska na kaɗa su, zangarniya cike har ta sunkuya. Na ji bakina ya ce, "Ku yanke." Suka shiga. Kafin in gama ɗaure zanena da ya kwance sun gama. Dami biyu aka samu, manya. Na ce a ɗora su a sama cikin rumbu, kada a haɗa da sauran. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Kwana uku bayan nan ina gonar ina tsinkar yakuwa, sai na hango Bafulatanar nan tafe ta cikin burtali da ƙwaryarta a ka. Ni da gonata, sai na tsinci kaina na durƙusa bayan wani kalgo kamar ɓarauniya. Ta iso bakin layukan ta tsaya. Ta dubi karan da aka yanke wa kai. Ta bi gefen a hankali har ƙarshe, ko za ta ga an bari a wancan ɓangaren. Ta dawo. Ta sunkuya ta ɗauki wata ƴar zangarniya da ta faɗi a ƙasa, ta kakkaɓe yashi, ta jefa a ƙwarya. Sannan ta mayar da ƙwaryar ka ta juya. Ba ta waiwayo ba. Ina durƙushe ina kuka, hannuna a baki don kada ta ji.

Daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ba tsoron Allah zai sauko mini da wata azaba nake ba, marigayi bai koya mini Allah a haka ba. Ɗana nake tunawa. Shi ma baƙo ne a ƙasar da ba a jin harshensa. Ko akwai wanda ya bar masa gefe a can? Ko shi ma ya zo da ƙwaryarsa ya tarar an yanke duka? In na yi addu'a na ce, ya Allah ka sa wani ya tausaya wa ɗana, sai in ji maganar ta dawo mini, don na san abin da na yi wa baƙuwar da ta zo tawa gonar.

A cikin kwanakin nan muka sauko da dami ɗaya daga cikin biyun, muka sussuke, muka fara ci. Sai na ga hanyar gyara. Na auna tiya uku na tsabar hatsin, na zuba a ƙwarya, na rufe da faifai, na nufi ruga da safe. A raina na ce wannan ma ya fi, an hutar da ita yanka da sussuka.

Na same ta tana gyaran igiyar maraƙi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta yi mini gaisuwar maigidana, don ba mu haɗu ba tun rasuwar. Ta ce, "Mutumin kirki ya tafi. Allah ya ba ki haƙuri." Muka yi kuka tare kaɗan. Sannan na tura mata ƙwaryar na buɗe faifan.

Ta duba ta ce, "Na sayarwa ne, Kaɗo? Ba ni da abin saye."

Na ce, "Haba ƙawa. Naki ne. Na gefen gonar nan ne, bana an yanke da shi."

Ta mayar da faifan ta rufe. Ta ce, "Shekara nawa ina yankan gefen nan?"

Na ce, "Sun fi ashirin."

"Kin taɓa jin na ce na gode?"

"A'a."

"Mijinki ya taɓa ce mini sau ɗaya, a bakin rijiya, wai wannan gefen ba nasa ba ne, Allah ne ya hana shi taɓawa. Shi ya sa nake zuwa da rana tsaka, kaina a miƙe. Abin da Allah ya ajiye, shi nake gode wa. Wannan kuwa naki ne, daga rumbunki, da tiyarki. In na karɓa, duk ranar kasuwa sai na sunkuyar da kai in na gan ki. Mu ba ma bara."

Na ce, "Ni ban ce bara kike ba."

Ta ce, "Na sani. Ban ga laifinki ba kuma, shekarar ta yi zafi, kowa ya ji a jikinsa. Da na zo na tarar an yanke, cewa kawai na yi a raina, ashe gefen nan na mutumin ne, ba na Allah ba."

Wannan magana ta fi mari. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in maigidana yana nuna wa garin nan wane irin Allah yake bi, ba da wa'azi ba, don bai iya tsayawa gaban mutane ba. Ni kuma a yini ɗaya na sa wannan mata ta ɗauka duk kirkin mutum ɗaya ne, an kuma binne shi da shi. Ta kawo mini nono a ƴar ƙwarya, ta tsaya sai da na sha, duk da shanunta sun fara ƙafewa. Na ɗauko hatsina na dawo da shi gida a kaina, ya fi nauyi a dawowa.

Da na iso na ce wa matar ɗana ta shiga rumbu ta sauko mini da ɗaya damin. Ta ce, "Na farkon bai ƙare ba, Inna." Na gaya mata inda za a kai shi. Ta tsaya da hannu a bakin rumbu ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Abincin yaran nan ne na mako guda da wani abu."

Na ce, "Na sani."

"In ya ƙare da bazara, ke za ki dube su ki gaya musu?"

"Ni zan gaya musu."

"Awaki ma za su iya riga ta, Inna. An saki dabbobi."

Na ce, "Wannan ma na sani." Gaskiyarta ce, ita ta haife su. Ta hau ta sauko da shi. Muka kama shi tare, ita gaba ni baya, muna hutawa a hanya. Ƙanena ya gan mu daga bakin masallaci ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, mutane na kai hatsi rumbu, ke kina mayar da shi gona?" Na ce, "Mantuwa aka yi da shi, za mu mayar inda aka manta." Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ki, ya kuma rufa miki asiri." Na ce amin ga duka biyun.

A bakin burtali muka kwance igiyar. Ba yadda za a mayar da zangarniya kan karanta, don haka muka rarraba ta a gindin karan, nan uku can huɗu, har ƙarshen layukan. Muka juyo gida. Na hana kaina waiwaye.

Ban san wa ya ɗauka ba. Bayan kwana huɗu na bi ta wurin, babu ko ɗaya, a yashin kuwa akwai sawun mutane, akwai na dabbobi, duk sun cakuɗe. Rugar ta tashi ta yi kudu kafin in sake ganin matar. Wata rana in ce ita ce, wata rana in ce awakin gari ne suka cinye abincin jikokina a banza. Na tambayi kaina sau da yawa ko abin da na yi biyayya ce ko taurin kan tsohuwa. Wanda zai warware mini yana kwance a maƙabarta.

Yanzu bazara ta sake zagayowa. Tun watan jiya muka koma cin tuwo sau ɗaya a yini, da rana kuma kwaɗon ganye ne, zogale in an samu, in ba a samu ba yaɗiya. Shekaranjiya matar ɗana ta shiga rumbu ta fito ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Irin shuka mun ɗaure shi a buhu mun kai ɗakin ƙanena, don kada yunwa ta sa mu taɓa. Daga Aljeriya har yau shiru. Hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa, kuma kowace safiya da tsoro nake tashi.

Jiya ƙanena ya zo muna maganar shuka, shi da manyan ƴaƴansa, ga matar ɗana a zaune. Na ce musu su zama shaida, bana ko dami biyar gonar ta bayar, layi huɗun bakin burtali ba za a yanke ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, ko iri ba a sa a ƙasa ba, kina rabon kaka?" Na ce masa shi ya sa na faɗa tun yanzu. Na san kaina. In na bari sai na tsaya a gona da tsoron nan a cikina, ga zangarniya cike a gabana, zan sake cewa ku yanke. In na faɗi haka ranar, kada su saurare ni.